Tekun da Dalsu Ya Dama a Ɗaki

Shekara talatin da takwas Bang Dalsu ya yi yana yanka kifi a kasuwar Jagalci da ke birnin Busan, kuma a duk tsawon shekarun nan babu kifi ɗaya da ya taɓa ba wa abinci. Aikinsa shi ne ya tsoma raga a tanki, ya kamo wanda mai saye ya nuna da yatsa, ya ƙwala masa sanda a ka, ya feɗe, ya yayyanka, ya jera a faranti tun naman yana motsi. Kifin da ya yi sa'a shi ne wanda ya kwana uku a tankinsa. Shi ya sa a layinmu na kan tudun Yongdo ba mai kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Kwana Uku ake ce masa, kuma yana amsawa.

To wannan mutumin ne, yana da shekara saba'in da huɗu, ya wayi gari ya ce zai yi kiwon kifin teku a cikin ɗaki. Kafin a yi masa dariya ya kamata a san dalili. Mu dai sai da muka gama dariyar sannan muka sani.

Matarsa Sundok, wadda muke kira 'Yar Jeju, mai nutso ce. Tana 'yar shekara goma sha tara ta tsallako daga tsibirinsu na Jeju tare da wasu mata, ta riƙa shiga ruwa a duwatsun da ke bayan Yongdo, ba tukunyar iska ba komai, sai tabarau da ɗan ƙarfen ɓamɓaro katantanwa. A bakin ruwan Dalsu ya fara ganinta. Ya je sayen katantanwa, ya yi tayin wulaƙanci, ta watsa masa ruwan bokiti. Shi yana cewa ranar ta kamu da sonsa. Ita kuwa cewa take bokitin ne bai cika ba, da ya cika da bai dawo ba. Ɗa ɗaya suka haifa, Sangho, suka yi masa karatu da gumin nutso da na wuƙa, ya tafi birnin Dejon ya zama ma'aikacin ofis mai ɗaure wuya.

Bara waccan, tana zaune tana tsinke wake, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti, ƙarti biyu ne suka hawo da ita matakala ɗari biyu da goma sha huɗu da ke tsakanin titi da ƙofar gidansu, kuma tun ranar ba ta sake sauka ba. Wa zai sauko da ita? Autan layinmu shekararsa sittin da shida, shi ma da sanda yake yawo. Da can in ta kwanta, tagar ɗakin tana nuna mata teku har da jiragen da ke jiran shiga tasha. Yanzu an gina bene mai hawa ashirin a gaban tagar, ba abin da ake gani sai shanyar wandunan mutane.

Dalsu ya koma mai jinya. Hannun da ya saba da wuƙa ya koyi juya mutum a shimfiɗa, da goge jiki, da dama kunun shinkafa. Bai iya ba, amma yana yi. Magana ta ɗauke mata, sai kalma ɗaya yau, ɗaya jibi, yawanci zagi. Da zafin bana ya shigo, zagin ma ya ɗauke. Ta juya fuska ga bango, in ya kawo cokali sai ta datse haƙora.

Da bikin kaka na Cusok Sangho ya zo, ya zo kuma da ma'aunin da ake hawa a banɗaki. Ya hau shi kaɗai, ya sauka, ya sungumi uwarsa ya sake hawa, ya cire wannan daga wancan. Sannan ya ja ubansa tsakar gida. Bangon gidajenmu kamar kwali yake, in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka share hanci, don haka babu abin da ya wuce mu.

"Baba, kilo talatin da bakwai. Buhun shinkafa biyu sun fi ta nauyi."

"Tun tana budurwa ba ta da jiki."

"Na samo mata gado a gidan jinyar tsofaffi kusa da gidana. Za su saka mata robar abinci ta hanci."

"A Dejon? Ina teku a Dejon?"

"Nan ɗin ma ina tekun? Bango take kallo, Baba."

"Uwarka ba ta taɓa kwana inda ba ta jin warin ruwa ba. In ka kai ta can, gawa ka kai."

Sangho ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ba mugun yaro ba ne, tsoro yake ji.

"Wata ɗaya. Zan dawo da ma'aunin nan. In ta ƙaru ko da rabin kilo ne, na bar maka ita. In ta ragu, a bayana zan sauko da ita, ko kana so ko ba ka so."

Bango take kallo. Maganar nan ta tsaya wa Dalsu a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Kwana biyu yana yawo da ita, a na uku ya yage takardar kalanda, ya yi zane a bayanta, ya sa hular da yake zuwa biki da ita, ya hau bas zuwa unguwar Somyon, inda aka ce akwai shagon kifin ado.

Mai shagon wata 'yar shekara talatin da 'yan kai ce, Jihe, ta rina gashinta shuɗi kamar ita ma kayan sayarwa ce. Dalsu ya shimfiɗa mata takardarsa. Ya zana akwatin gilashi, ya cika shi da kifi goma sha biyu, ya rubuta injin sanyi a ƙasa ya ja layi biyu.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na sanyaya ruwa mana. Kifi sai da sanyi. Shekara talatin da takwas ina Jagalci."

"Ku kuna sanyaya su ne su yi lamo su jira wuƙa. Waɗannan 'yan ƙasar zafi ne, hita suke so."

Ta soke injin sanyin da biro, ta juya takardar ta fara nata rubutun. Tanki mai cin lita ɗari da hamsin. Famfo mai kaɗa ruwa, matata, hita, fitila. Yashi, da duwatsun da aka ɗebo daga teku da ƙananan halittunsu a jiki. Ma'aunin gishiri mai allura. Shi kuwa ya bar ta da rubutu ya shiga bin gilasai, hannu goye a baya kamar mai duba fareti. Ya nuna wani shuɗi mai rawayar wutsiya.

"Tankinka ya yi masa kaɗan, haukacewa zai yi."

Ya nuna wani mai baje gashi kamar tsintsiya.

"Wannan haɗiye sauran zai yi, in ya soke ka kuma sai asibiti."

"To wanne ne ba ya hauka, ba ya cin ɗan'uwansa?"

Ta kai shi wurin waɗansu 'yan ƙanana masu ruwan lemo da farar ɗamara. Biyu za a fara da su, in ji ta. In sun zauna lafiya a ƙara jatan lande guda, da dodon koɗi uku su riƙa lashe gilashi.

"Biyu? Ni a tankina na kasuwa ɗari nake zubawa."

"Nawa ne suka tsufa a ciki?"

Dalsu ya gyara zaman hularsa.

"Kuma yau ko ɗaya ba zan sayar maka ba," in ji ta. "Ruwan sai ya nuna tukuna, sati shida. Kamar tsimin kabejinmu ne na kimci, Baba, ba a ci ranar da aka haɗa."

"A gidanmu muna ci."

"Kashin kifi guba ne ga kifi. Sai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani sun hayayyafa a duwatsun nan, su ne za su riƙa cinye gubar."

"Sati huɗu gare ni, yarinya."

"Ruwan bai san da wannan ba."

Abu na ƙarshe da ta ɗora kan tebur shi ne farin bokiti, gishirin da ake haɗawa a kamfani don tankin kifi. Dalsu ya buɗe, ya lasa yatsa ya dangwala, ya kai baki. Nan take ya yamutse fuska ya tofar a hankici.

"Kai! Wannan ai da ɗaci. Wa ya cuce ki ya sayar miki?"

"Haka yake. Kada fa ka sa na girki, Baba. Ka ji ni?"

"Kafin a haifi uwarki nake cikin gishiri."

Ya sayi komai, ya bar mata bokitinta a kan tebur.

A layinmu ba a raina mace don ba ta da zinariya, amma ana raina ta in gishirinta na bana ne. Buhu ake saye daga gonakin gishirin Sinan, a ɗora kan bulo a inuwa, ruwan ɗacin ya riƙa tsiyaya ta ƙasa yana bin kwata. Na shekara ɗaya a yi maneji. Na shekara uku kuwa, in ka damƙa ka saki ba ya manne maka a tafi, in ka ɗanɗana har wani ɗan zaƙi yake bari a ƙarshen harshe. Sundok tana da irin wannan buhu biyu a bayan ɗaki, da hannunta ta zaɓe su shekara guda kafin ta faɗi, kuma tun lokacin ba wanda ya kwance bakinsu. Lissafin Dalsu ba shi da wuya. Gishiri teku ne da ya bushe, in ka mayar masa da ruwa teku ya dawo. Ga mafi kyawun gishiri a Yongdo a bayan ɗakinsa, kuma nata ne. Me zai kai shi ga mai ɗaci?

Masu kawo kaya suka hawo da tankin suna tsine wa duk wanda ya fara gina gida a kan tudu. Ya sa suka jingina shi da bangon nan da take kallo. Sannan ya jawo babbar jar robar da ake jiƙa kabeji, ya tara ruwan famfo, ya zazzaga gishiri, ya kama damawa da muciya. 'Yar Namhe, tsohuwar da ke gidan da ke jikin nasu, ta leƙo ta kan katanga. Ita da Sundok shekara arba'in suna faɗa kan igiyar shanya, ba wadda ta gaji.

"Kwana Uku, kabeji bai shigo ba ka fara jiƙo?"

"Teku nake haɗawa."

"Oho. In ka gama ka haɗa mini jirgi, zan je Japan."

"Ke ko a ƙasa jirgi ba zai ɗauke ki ba."

"Gishirin 'Yar Jeju ne wannan kake zubarwa? Ranar da bakinta ya buɗe ka shiga uku."

Allurar ma'auni ta tsaya daidai inda Jihe ta yi masa alama. Ya cika tanki, ya jera duwatsu, ya kunna famfo da fitila. Ruwan ya yi garau, ya fi na kowane teku haske. Sundok ta dube shi sau ɗaya ta rufe ido.

Kwana takwas tanki yana gurnani ba kowa a ciki. Kwana takwas yana kai cokali tana datse haƙora, sai abin da ya zurara ta gefen baki. Kowace safiya ya soke rana ɗaya a kalanda, sai ya ga ranakun da suka rage sun fi na jiya ƙanƙanta, hannunta kuma ya fi na jiya sirantaka. Ranar da ya ga zoben aurensu ya zame daga yatsarta ya faɗa cikin bargo, bai tsaya wanke kwano ba. Ya hau bas, ya wuce shagon Jihe yana kallon wancan gefen titi, ya shiga wani inda ba a tambayar mutum komai. Ya dawo da kifi shida da jatan lande guda a ledoji.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne abin takaicin. Da 'yan kifin suka bazu a cikin hasken fitila, Sundok ta buɗe ido. Ta bi mai ruwan lemo da kallo har ƙarshen gilashi, ta biyo shi ya dawo. Dalsu ya lallaɓo da cokali kamar ɓarawo, ta buɗe baki ba ta ma san ta buɗe ba. Ya fito tsakar gida da kwano a hannu yana ihu.

"Cokali biyar! Ke 'Yar Namhe, kin ji? Biyar!"

"Na ji, duk Busan ta ji. Ka koma ka ba ta na shida, sakarai."

Washegari jatan landen ya kwanta a kan yashi, ƙafafu sama. Kifin kuma suka taru a saman ruwa suna haki, launinsu ya dusashe kamar tsohon zane. Babu wanda ya kai Dalsu sanin kifin da zai mutu. Yana ganin yadda ɗaya ya karkata gefe ya san saura awa nawa. A kasuwa in kifi ya yi haka, ciro shi ake a yanka da sauri a sayar da araha kafin ya ɓaci. Iyakar iliminsa ke nan. Ya tsaya gaban gilashi da raga a hannu, hannun yana ƙaiƙayi, ba abin da ya sani na ceto. Ya auna gishiri, allura tana nan daidai. Ya ƙara hita, ya rage hita. Ya riƙa tsame matattun yana ɓoyewa a aljihu don kada ta gani, amma mai nutso ba a yi mata wayon ƙirga. Shida, huɗu, ɗaya. A rana ta uku na ƙarshen ya bi su.

'Yar Namhe ta buɗe baki za ta ce sunansa ya bi shi, ta ga fuskarsa, ta mayar da bakin ta rufe. A shekara arba'in ba mu taɓa ganin haka ba.

Yana zaune gaban tankin da ba kowa, sai ya ji ana buga tabarma. Sundok ce da hannunta mai lafiya. Ya kawo kunu, ta ture. Ya kawo fo, ta harare shi. Tankin take nunawa. Ya ɗebo ruwan a kwanon shinkafa ya kai mata. Ta tsoma yatsa ta sa a baki, ta daɗe tana juya harshe, idonta a sama.

"Ba ɗaci," ta ce, bakin yana ja gefe ɗaya.

"Ai shi ya sa, Maman Sangho. Mai kyau na sa."

"Miya."

"Me kika ce?"

"Miya ce." Ta numfasa, ta sake tattaro ƙarfi. "Gishirina... ne?"

Ya gyaɗa kai. Ta laluba ta ɗauki cokali ta ƙwala masa a goshi, duka na gaske, har wurin ya tashi.

"Jaki."

Rabonta da magana mai yawan haka wata shida. Dalsu ya riƙe goshi yana dariya, hawaye yana zuba masa. Sai daga baya abin ya zauna masa a kai. Shekara hamsin matar nan tana haɗiyar teku ta hanci ta baki, ta san ɗacin da yake bari a bayan harshe. Abin da ake ɗora buhu kan bulo shekara uku don a rabu da shi, abin da ke bin kwata ana murna, shi ne abin da kifin ke nema. Ga gaggawar da ya yi kuma a kai.

Saura kwana goma sha biyar. Kunya ba ta bar shi ya koma wurin Jihe ba, in ma ya koma sati shida za ta sake ce masa. Ya ce ya gama da tekun haɗi. Na gaske zai kawo, kuma daga duwatsun da ta yi nutso, don ruwan da ke ƙasan tudunmu duk man jirgi ne. Ya zubar da miyarsa a kwata, ya wanke tanki, ya ɗauko robobin kimci masu murfi, kowace lita goma.

A bakin duwatsun har yanzu akwai tsofaffin masu nutso huɗu, ƙawayen Sundok, suna sayar da katantanwa a ƙarƙashin laima. Suka yi masa tsiya son ransu, sannan suka shiga ruwa suka cika masa robobi daga inda yake da tsabta. Suka ba shi duwatsu masu ciyawa a jiki, da dodon koɗi, da wata 'yar ƙaguwa da ba ta fi babban yatsa ba. Suka ce ya kashe hitar nan, 'yan gida ba sa son ta.

Bas yana kawo shi gindin tudu da roba biyu. Daga nan sai ƙafa. Ya goya ɗaya da majanyi, ya hau matakala ɗari biyu da goma sha huɗu, ya juye, ya juya Sundok a shimfiɗa, ya sauko ya ɗauki ta biyu. Mu kuwa mun taimaka ƙwarai, da baki. Wannan ya ce ya riƙa hutawa a ta hamsin, wancan ya ce da ya nemi ɗan dako. Ya nema, ɗan dakon ya ɗaga kai ya dubi tudun ya ce shi ma yana da iyali. Autan layi ya karɓi roba rana ɗaya, ya kai ta matakala talatin, ya kwana biyu ana shafa masa magani a baya.

Da ruwan ya rufe duwatsu, Dalsu ya ɗebo a kwano ya kai mata. Ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta rufe ido. Yatsar ta daɗe a bakinta. Tun ranar idonta yana kan 'yar ƙaguwar nan, da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse tana tsinkar ciyawa tana kai wa baki da hannu bibbiyu kamar baƙuwa a gidan biki. Wata rana Sundok ta sha cokali huɗu, wata rana bakwai, wata rana ko ɗaya.

Gwiwarsa ta hagu dama tun yana kasuwa take ƙara, shekarun tsayuwa a jiƙaƙƙen siminti ne. Yanzu ta kumbura ta yi kamar kan kabeji. Ya ɗaure ta da tsumma ya ci gaba. A roba ta goma sha ɗaya, yana wajen matakala ta ɗari da arba'in, gwiwar ta ce ta gama. Ya durƙushe, majanyi ya kwance, robar ta gangara tana tsalle har ta fashe a ƙasa, tekun Sundok ya bi kwata. Sauran matakalan da rarrafe ya hau su.

Daga ranar bai sake miƙewa tsaye ba. Da jan gindi yake zuwa kicin, da jan gindi yake dawowa, kwanon kunu a cinya. Juya ta kuwa ya gagare shi, don juya mutum sai da gwiwa. 'Yar Namhe ta riƙa shigowa safe da yamma suna kamawa tare, tana zaginsu su biyun, amma duk da haka wani jan tabo ya fito a ƙugun Sundok, ya fara ruwa.

Ana gobe Sangho zai zo, Dalsu ya dubi matarsa da idon mai sayar da kifi, idon da ba ya kuskuren nauyi. Ta ragu. Ya ja jiki zuwa akwatin kayan nutsonta, ya zaro ɗamarar dalmar da take ɗaurawa don ta nutse, ya ciro dalma biyu. Ya miƙa wa 'Yar Namhe tare da falmaran mai auduga ta Sundok.

"Ɗinke mini su a ciki. Ta baya, wajen ƙugu."

"Kwana Uku, ɗanka fa ya yi jami'a."

"Jami'ar ba ta koya masa kasuwa ba. Ɗinka."

Ta ɗinka. Sundok tana kallonsu, da aka zo saka mata rigar ita ta ɗaga hannun da kanta.

Sangho ya iso da hantsi, yana haki, ma'auni a hammata. Ya tarar da ubansa zaune a jingine da bango, an rufe ƙafafu da bargo, an taje kai. Ya gaishe su, ya tsaya ya dubi tankin da ruwansa bai cika ba, da duwatsun, da ƙaguwar. Ya ajiye ma'auni, ya hau, ya sauka, ya sungumi uwarsa ya sake hawa.

"Nawa?" in ji Dalsu.

"Talatin da takwas."

"To ka gani. Kilo guda cur. Ka sha ruwa ka kama hanya kafin motoci su yi yawa."

Sangho bai sauka daga ma'aunin ba. Hannunsa na ƙarƙashin bayanta, kuma wani abu mai tauri yana danna masa tsintsiyar hannu. Tun yana yaro yake ɗaukar wa uwarsa ɗamarar nan zuwa bakin ruwa, ya san ta ko a mafarki. Ya kwantar da ita a hankali, ya laluba gefen rigar, ya tsinke zaren da haƙori. Dalma biyu suka faɗo kan tabarma. Wajen cire rigar ne kuma ya ga tabon da ke ƙugunta.

Bai sake aunawa ba. Ya zauna a kan dugadugansa, ya daɗe yana kallon dalmar.

"Baba, ka ce in sha ruwa. Tashi ka kawo mini."

"Ga kicin can, ƙafarka ta karye ne?"

"Kai nake so ka kawo mini, Baba."

Dalsu ya dafa bango. Ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya taso kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya koma ya zube. Bargon ya zame, gwiwar ta bayyana, baƙa, tana ƙyalli.

"Tana ci," in ji Dalsu, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekaranjiya cokali bakwai ta sha. Ka tambayi 'Yar Namhe. Ka ƙara mini sati biyu, ruwan ma bai cika ba."

"Wa zai juya ta, Baba? Wa zai juya ka?"

'Yar Namhe ce ta haɗa kayan a jaka, tana jan hanci tana cewa mura ce. Ta taimaka aka ɗora Sundok a bayan ɗanta, aka ɗaure da majanyi. Sangho ya ce jibi zai dawo da mutane su sauko da uban a duba gwiwar. Da suka zo ƙofar ɗaki Sundok ta kama dokin ƙofa da hannunta mai lafiya, ta riƙe gam, ta juyo da kai. Ta dubi tankin, sannan ta dubi mijinta a ƙasa.

"Tsoho," ta ce. "Murfi."

"Wane murfi?"

"Za ta... fita."

Ƙaguwar take nufi. Sangho ya ɓamɓare yatsunta daga ƙofar ɗaya bayan ɗaya, yana kuka kamar yaro.

Duk layin mun fito bakin ƙofofinmu. Dalsu ya ja gindi ya ratsa tsakar gida har bakin matakala, ya riƙe ƙarfen gefe. Iyakarsa ke nan. Yana kallon farin kanta yana lilo a kafaɗar ɗansu, yana ƙanƙancewa, har suka kusa kwanar da bene ya tare.

"Sangho!" ya ƙwala kira. "Ka bi a hankali a ta ɗari da arba'in, bakinta ya gutsure!"

Sangho ya ɗaga hannu ɗaya bai juyo ba, suka sha kwana.